The Musical Box ko The Australian Pink Floyd Show: wanda ya cancanci kuɗin tikitinka

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tunda tikiti ɗaya kuɗinka zai ɗauka, kuma zaɓin yana tsakanin The Musical Box da The Australian Pink Floyd Show, shawarata ita ce ka sayi na The Musical Box tun kafin kujerun tsakiya su ƙare. Na ga ƙungiyoyin biyu da idona a nan Ingila, kuma ɗaya daga cikinsu ce kawai nake iya tuna darenta daki-daki har yau.

Mutane suna haɗa su a kwando ɗaya saboda dukansu makwaikwaya ne, ta farko tana kwaikwayon Genesis, ta biyu kuma Pink Floyd, tsofaffin ƙungiyoyin kiɗan rock na Ingila, amma aikinsu ba iri ɗaya ba ne. The Musical Box 'yan Montiriyal ne ta ƙasar Kanada, sun kafu a 1993, sun kuma ari sunansu daga wata waƙar Genesis da ke cikin faifan Nursery Cryme na 1971. Abin da suka ɗora wa kansu shi ne su ɗauki rangadi guda daga cikin waɗanda Genesis ta yi a zamanin da Peter Gabriel yake mawaƙinta, su sake gina shi yadda ya gudana: jerin waƙoƙin kamar yadda aka jera su a wancan lokaci, tufafin da kowa ya sa, launin fitilu, tsofaffin kayan kiɗa na ainihin zamanin, har da labaran da Gabriel yakan bayar tsakanin waƙa da waƙa. Wannan ya wuce iya kaɗa waƙar wani da kyau, domin sai an bi tsofaffin hotuna da rikodin da 'yan kallo suka ɗauka a ɓoye da kuma tunanin waɗanda suka halarta, kafin a san a wace daƙiƙa fitila ta mutu, a wace kuma mawaƙi ya juya wa jama'a baya.

Wasan da na gani shi ne na rangadin Selling England by the Pound, wanda Genesis ta yi a 1973 zuwa 1974. Wani dattijo Bature da muke aiki tare ne ya ja ni, shi kuwa ya ga ainihin Genesis yana saurayi, kuma a hanya ya yi ta gargaɗina cewa kada in sa rai da yawa, domin a ganinsa ba a maimaita irin wannan abu. Da aka kashe fitilun zauren, sai sautin Mellotron, wata na'urar kiɗa mai madannai, ya fara tasowa a hankali na buɗe waƙar Watcher of the Skies, babu ganga babu murya, kusan minti biyu. A cikin duhun babu abin da kake gani sai idanu biyu da aka zagaye da fenti mai ƙyalli, da fikafikan jemage a gefen kan mawaƙin, yana tsaye ƙiƙam cikin doguwar alkyabba. Tsigar jikina ta tashi. Na waiga domin in yi wa abokin tafiyata magana, sai na tarar ya cire tabarau yana share ido da bayan hannu, bai kuma sake cewa uffan ba har aka kai ƙarshen waƙar.

Abin da ya fi kama ni bayan haka ƙananan abubuwa ne waɗanda ba lallai kowa ya lura da su ba. Mai jitar da ke matsayin Steve Hackett a zaune ya yi wasan, kansa a sunkuye, domin haka Hackett yake yi a shekarun nan. An jera gangunan a tsarin bahago saboda Phil Collins bahago ne. Mai matsayin Mike Rutherford yana rataye da jita mai wuya biyu, yana kuma taka madannan sauti mai kauri da ƙafa, sautin da za ka ji shi a ƙirjinka kafin ya isa kunnenka. Denis Gagné, wanda ke matsayin Gabriel, yana busa sarewa, yana taka ganga guda da ƙafarsa, kuma tsakanin waƙoƙi yana ba da labaran nan masu ban mamaki da muryar da ba ta hawa ba ta sauka. Asalin labaran ma larura ce ta kawo su, domin jitoci masu tsirkiya 12 suna cin lokaci wajen gyaran sauti, sai Gabriel ya riƙa cike shirun da zance, har abin ya zama wani ɓangare na wasan. A waƙar da ƙungiyar ta ci sunanta ya fito da fuskar tsoho tukuf yana rawar jiki, a Supper's Ready kuwa, wadda take kai minti 23, ya fito da kan fure sannan daga baya ya sauya zuwa wata siffa mai kusurwoyi. Da aka tashi, dattijon nan ya ce mini ko warin zauren ya so ya yi kama da na da.

Ina so in tsaya a kan Mellotron kaɗan, domin a nan ake gane wanda ya ɗauki aikin da gaske. Na'ura ce mai kama da ƙaramin fiyano, amma a bayan kowane madanni akwai zaren kaset da aka naɗi sautin goge ko muryoyin mawaƙa a kai, kuma zaren ba ya wuce kimanin daƙiƙa 8 yake ƙarewa, dole makaɗi ya ɗaga yatsa ya sake dannawa. Tana da nauyi, tana yawan lalacewa, sautinta yana ɗan karkacewa idan ta yi zafi ko wuta ta yi rawa. Kwamfuta tana iya kwaikwayon sautin cikin sauƙi, kuma yawancin ƙungiyoyi abin da suke yi ke nan, amma wannan ɗan karkacewar da rawar muryar su ne ke sa buɗewar waƙar ta zama abin tsoro, kuma kunnen da ya saba da tsohon faifai yana gane bambancin nan take.

Babban dalilina dai shi ne wannan. Abin da The Musical Box suke nunawa, mafi yawansa babu inda za ka same shi idan ba a wurinsu ba. Daga rangadin 1973 akwai wani ɗan fim na kimanin awa guda da aka ɗauka a ɗakin shirya finafinai na Shepperton, shi ne mafi kyawun abin da ya saura. Rangadin The Lamb Lies Down on Broadway kuwa, wanda ya fara a Chikago a watan Nuwamba na 1974 ya ƙare a Faransa a watan Mayu na 1975, kimanin wasanni 100, ba a taɓa ɗaukarsa cikakke da kyamarar ƙwararru ba, kuma da kammala shi Gabriel ya bar ƙungiyar. A wasan nan akwai alluna uku a bayan dandamali da ake haska musu hotunan majigi fiye da 1,000 suna bin labarin Rael, wani matashi a birnin New York. Genesis da Gabriel sun ba The Musical Box izinin sake shirya wasan, an kuma ba su damar amfani da ainihin hotunan majigin. Saboda haka idan wasan Lamb ne suka kawo garinku, kada ma ka tsaya neman shawarar kowa.

Masu abin da kansu sun nuna amincewarsu a fili. Hackett ya hau dandamali tare da su a Royal Albert Hall da ke Landan a 2002, Collins kuma ya zauna a kan ganguna tare da su a Janeba a 2005. Genesis ta yi wasanta na ƙarshe a Landan a watan Maris na 2022, kuma ko a lokacin ba Gabriel ba Hackett a kan dandamali, waƙoƙin ma yawanci na shekarun bayan tafiyar Gabriel ne. Hackett yana yawo da tasa ƙungiyar yana kaɗa tsofaffin waƙoƙin, kuma ya cancanci gani, sai dai kiɗan kawai za ka samu, ban da tufafin da labaran da sauran abin da ya mai da daren wasan kwaikwayo.

Su kuma 'yan Ostireliya, ba zan ci haƙƙinsu ba, sun iya. Sun kafu a Adelaide a 1988, David Gilmour, mai jitar Pink Floyd, da kansa ya gayyace su bikin cikarsa shekara 50 a 1996, suna da zagayayyen allon nan da fitilun leza da ƙaton kangaru na roba da ake hurawa. Na kalle su a wani babban zaure, na tafa, na koma gida. Wasansu zaɓaɓɓun waƙoƙi ne daga shekaru daban-daban na Pink Floyd, kuma siffar da suka fi ɗauka, ta manyan wasannin 1994, ainihinta tana nan a fim ɗin Pulse da aka ɗauka a Earls Court a watan Oktoba na shekarar, da 'yan Pink Floyd ɗin kansu, Gilmour da Nick Mason da marigayi Richard Wright. Ina da faifan a gida, kuma duk lokacin da na so ganin wannan dare sai in sa shi. Bugu da ƙari suna zagayawa kusan kowace shekara, ga kuma Brit Floyd, wata ƙungiyar makwaikwayan Pink Floyd da Damian Darlington ya kafa a Libaful a 2011 bayan ya bar su, don haka wanda ya rasa su bana zai same su baɗi.

Abu ɗaya zan roƙe ka ka bincika kafin ka biya: wane wasa ne The Musical Box suka zo da shi a wannan karon. Wani lokaci rangadi guda suke ginawa daga farko zuwa ƙarshe, wani lokaci kuma suna yin dare na gauraye da suke tsinto waƙoƙi daga faifai daban-daban. Na biyun ma yana da daɗi, amma na farkon ne dalilin da ya sa nake tura ka wurinsu. Kuma ka saurari faifan da za su yi sau biyu ko uku kafin ranar, domin waƙoƙin dogaye ne, suna sauya kari a tsakiya, wanda bai san su ba yana iya gajiya a daidai wurin da masu sani suke riƙe numfashi.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma zan faɗa maka saboda ni an taɓa yi mini. Bayan daren nan da na ba ka labari, sha'awar abin ta kai ni wata kasuwar tsofaffin faifai, inda wani mai teburi ya nuna mini faifan bidiyo a cikin kwali mai kyau, ya rantse mini cewa cikakken wasan Lamb ne na 1975 da aka gano a ma'ajiyar wani gidan talabijin. Na biya kuɗi masu kauri ban ko yi ciniki ba. Da na isa gida na sa shi, sai na ga guntayen hotuna ne marasa sauti da 'yan kallo suka ɗauka da ƙananan kyamarori, dishi-dishi, an jona su an ɗora musu sautin wani daren daban, bakin mawaƙi yana gabas murya tana yamma, wuraren da babu hoton motsi kuma an cike su da hotuna tsayayyu. Irin wannan kyauta yake a intanet. Duk wanda ya ce maka yana da cikakken fim na wannan rangadi, ka riƙe kuɗinka.

Haka batun tikiti yake. Da zarar an ce kujeru sun kusa ƙarewa, 'yan bumburutun tikiti suke fitowa a Facebook da WhatsApp da labarin cewa wani uzuri ya taso musu, za su sayar da nasu da sauƙi, sai su turo maka hoton lambar shiga wadda suka riga suka sayar wa mutum biyar, wanda ya fara isa ƙofa shi ne zai shiga. Wasu shafukan kuma da suke fitowa a saman sakamakon bincike na masu sake sayarwa ne, suna ninka farashi alhali kujerun suna nan a wurin masu zauren. Ka shiga shafin zauren da kansa ko ka bi mahaɗin da ke shafin ƙungiyar, ka biya da kati, kada ka tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wanda ba ka sani ba. Ka kuma karanta fosta da kyau, domin akwai ƙananan ƙungiyoyi da suke rubuta Genesis ko Pink Floyd da manyan baƙaƙe, su ɓoye nasu sunan a ƙasa da ƙananan haruffa, har da masu zaɓar suna mai kama da na fitattun makwaikwayan.

Wajen zaɓen kujera, kada ka bi sahun gaba ko da kuɗinka ya kai. An tsara wasan ne domin a gan shi gaba ɗaya kamar hoto, da allunan baya da fitilu da inda kowane makaɗi yake, kuma daga kusa wuyanka zai gaji kana ta waige-waige. Ka nemi tsakiyar zaure, daga sahu na 10 zuwa na 15, ko sahun farko na bene idan akwai, kuma ka shiga ka zauna da wuri, domin buɗewar nan cikin duhu ba a maimaita ta ga wanda ya makara.