Sharhi kan zoneinfo na Python bayan na haɗa manhajar juya lokaci da shi

Duk mai rubuta manhaja da Python da zai yi hulɗa da agogon ƙasashe daban-daban, ina ba shi shawarar ya ɗauki zoneinfo, wato kayan aikin da ke juya lokaci daga agogon wani wuri zuwa na wani. Yana cikin Python ɗin kansa tun fitowar siga ta 3.9 a shekarar 2020. Na yi amfani da shi wajen haɗa ƙaramar manhaja ga wani malami a Kano da ke karantar da Alƙur'ani ta intanet, ɗalibansa kuwa suna warwatse a Landan, Houston, Jidda da Khartoum. Aikinta ɗaya ne: malam ya sa lokacin darasi da agogon Kano, kowane ɗalibi ya ga sa'ar da agogon garinsa.

A ido kamar lissafin ɗan firamare ne, ka ƙara awa ko ka rage. Mu a Najeriya da Nijar agogonmu ba ya motsi, kullum awa ɗaya yake gaban UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, shi ya sa ba mu saba da wannan rigima ba. Darasin ƙarfe 8 na dare a Kano ƙarfe 10 ne a Jidda, rani da damina. A Landan kuwa ƙarfe 7 ne da hunturu, ƙarfe 8 da bazara. Ingila tana tura agogonta gaba ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, Amurka kuma tun Lahadi ta biyu ta watan. A 2025 Amurka ta canza ranar 9 ga Maris, Ingila sai ranar 30, wato makonni uku tazarar Houston da Landan ta koma awa biyar maimakon shida. Wanda ya rubuta waɗannan lambobi da hannu a cikin manhajarsa zai sha kiran waya.

Abin da ya fi burge ni da zoneinfo shi ne sunan wuri kake ba shi, kamar Africa/Lagos ko Europe/London, shi kuma ya nemo dokar agogon wurin a daidai wannan rana. Yana ɗauko bayanin ne daga kundin lokutan duniya da Arthur David Olson ya fara tattarawa a shekarun 1980, wanda IANA, hukumar da ke kula da lambobin intanet, ke riƙe da shi tun 2011. A ganina darajar duka tana cikin wannan kundi. Ya san cewa Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya ranar 1 ga Nuwamba 2017, don haka idan ka juya tsohuwar rana ta 2016 zuwa lokacin Khartoum zai ba ka amsar wancan zamani. Ya san Masar ta dawo da agogon bazara a 2023. Har Maroko, da ta saba rage awa ɗaya idan azumi ya zo ta mayar bayan sallah, tana ciki. Ba na jin akwai mai shirya manhaja da zai iya bin diddigin wannan shi kaɗai.

Waɗanda suka saba da pytz, tsohon kayan aikin da ake wannan aiki da shi kafin zoneinfo, za su ji sauƙi. A can, idan ka liƙa Africa/Lagos kai tsaye jikin kwanan wata, sai ya ɗauko tsohon lokacin Legas na kafin a daidaita agogo, mai tazarar kusan minti 14 daga UTC, dole sai ka bi ta wani umarninsa mai suna localize. A zoneinfo babu wannan tarko.

Amma ina da ƙorafi, kuma na farkon ba ƙarami ba ne. A daren da Ingila ta tura agogo gaba, daga ƙarfe 1 ake tsallakawa zuwa ƙarfe 2, saboda haka babu 1:30 a wannan dare. Idan ka ba zoneinfo wannan sa'a zai karɓa shiru, ba gargaɗi. Sai da na rubuta nawa binciken: in juya lokacin zuwa UTC, in dawo da shi, idan bai dawo yadda ya tafi ba in ƙi karɓa. Ya kamata a ce wannan yana ciki tun asali. Sa'ar da ke maimaita kanta a Oktoba, idan an mayar da agogo baya, kuwa an tanadar mata wata alama mai suna fold, wanda ke bambanta 1:30 ta farko da ta biyu, kuma yana aiki lafiya.

Na biyu, Windows ba ta zuwa da kundin a siffar da zoneinfo ke nema, sai ka saukar da kwafinsa mai suna tzdata ta pip, manhajar saukar da kayan aikin Python. Kuma dole ka riƙa sabunta shi, domin gwamnatoci kan canza dokar agogo da sanarwar 'yan makonni kacal.

Sunayen ma ba don talaka aka yi su ba. Babu Kano a jerin, babu Houston, babu Jidda. Ɗalibin Houston America/Chicago zai zaɓa, na Jidda kuma Asia/Riyadh. Na haɗa jerin garuruwa da sunayen da ɗalibai suka sani, manhajar tana juya su a ɓoye, malam kuma Kano kawai yake gani a allonsa.