Gama kai ko banki: amsa ga malamin Argungu

Wani malamin firamare daga Argungu ya ce abokan aikinsa sun matsa masa ya shiga ƙungiyar gama kai ta ajiya da lamuni, alhali yana da asusu a banki. Yana son ya san bambancinsu.

Malam, a banki kai abokin ciniki ne, riba ta masu hannun jari ce. A gama kai kuwa kana cikin masu abin: kuɗin mambobi ake tarawa a ranta wa mambobi, kuma a taron shekara kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, ko ajiyarsa dubu goma ce ko miliyan. Ribar da ta rage bayan an ware kason ko-ta-kwana ita ake raba muku.

Wajen rance gama kai ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Banki zai nemi jingina, ko albashinka ya riƙa shiga ta hannunsa. Yawancin ƙungiyoyi kuwa sai ka yi kamar wata 6 kana zubi, sannan a ba ka har ninki biyu na ajiyarka, mambobi biyu su tsaya maka. In ka gaza biya ajiyarsu za a taɓa, don haka kai ma kada ka tsaya wa wanda ba ka san halin biyansa ba. Ka tambayi yadda ake lissafin ƙari. Idan an ce kashi 10 a kan rancen naira 200,000 na shekara ɗaya tun farko, 20,000 ke nan, amma tunda kana rage bashin wata-wata, a zahiri ya kai kusan kashi 18 a shekara. Ƙungiyoyin da ke gudun kuɗin ruwa sukan sayo babur ko taki su sayar maka da riba sananniya, wato murabaha, irin tsarin Jaiz Bank.

Wajen tsaro banki ne a gaba. Babban Bankin Najeriya ke sa masa ido, kuma tun 2024 hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, na lamuntar ajiya har naira miliyan 5 ga kowane mutum a bankin kasuwanci. Da wannan aka biya masu ajiya lokacin da aka soke lasisin Heritage Bank a watan Yunin 2024. Gama kai rajistarta a ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha take, NDIC ba ruwanta da ita. Ma'aji ya yi sama da kuɗi, sai kotu.

Akwai kuma layin jiran rance a gama kai. Da damina ta kawo kai kowa na neman kuɗin taki lokaci guda, asusu ya ƙafe. Shi ya sa kuɗin asibiti da na gaggawa wurinsu banki.

Kafin ka fara zubi ka ga takardar rajista da rahoton mai binciken kuɗi na bara, ka kuma tabbatar asusun ƙungiyar ba ya fitar da kobo sai da sa hannun mutum biyu aƙalla.