VLC tana sallama kafin ta shigo

Ina da ɗan shagon buga takardu da turi, kwamfutoci huɗu, kuma duk intanet ɗinmu daga wayata yake fitowa. Shi ya sa na daɗe ina gaba da duk manhajar da ke sabunta kanta. Akwai wata, ba sai na kama suna ba, da ta taɓa cinye mini datar mako guda cikin dare ɗaya. Da safe ga mai takardar neman aiki a tsaye yana jira, ni kuwa ina kallon allo yana juyi. Tun daga ranar, ina girka manhaja nake bi in kashe mata hanyar leƙa intanet.

Abin da ya sauya mini tunani labarin WinRAR ne, manhajar matse fayiloli da buɗe su, a 2023. An gano wata ɓaraka da ke ba ɓarayin intanet damar cusa mugun abu a cikin fayil ɗin da aka matse, mutum na buɗe abin da yake zaton hoto ne ko takarda, shi ke nan an shige shi. An toshe ta a siga ta 6.23 cikin watan Agusta, amma da yake manhajar ba ta sabunta kanta, jama'a da dama suka ci gaba da zama da tsohuwar, har masu binciken tsaro na Google suka yi gargaɗi a watan Oktoba. Na dubi nawa shagon, inda filas ɗin mutane ke shiga da fita tun safe har magariba, sai jikina ya yi sanyi.

A kan VLC, manhajar kunna bidiyo da sauti, na fara gwajin barin manhaja ta duba sabuwar siga, tunda ita muke buɗe komai da ita, daga bidiyon biki har karatun malamai. Ƙungiyar VideoLAN ta Faransa ce ke kula da ita, kyauta ce, ba talla. Abin da ya fara burge ni shi ne, ranar da ka girka ta, tana tambayarka ko ka yarda ta riƙa duba sabuwar siga. Ni a da na ƙi, don haka sai na koma cikin saituna na kunna. A nan ma akwai gurbin da za ka rubuta bayan kwana nawa za ta riƙa dubawa. Kwana 3 na tarar, na mayar da shi 14.

Dubawar kanta ba ta cin wata data ta a zo a gani. In ta samu sabuwa, ɗan akwati ne zai fito da lambar sigar da taƙaitaccen bayani, sai ta jira amsarka. Ka ce a'a, ta yi shiru, bidiyonka ya ci gaba. Ka ce e, ta sauke, ta tantance sa hannun masu ita don kada a yi maka musanya a hanya, sannan ta sake neman izini kafin ta girka. Ranar farko da akwatin ya fito, yaron shagona ya kira ni, “Oga, wannan abu yana tambaya, in danna?” Na ce bari sai dare, lokacin garaɓasar data. Haka aka yi, ba wanda aikinsa ya tsaya.

Ba wai ba ta taɓa tuntuɓe ba. A 2021 masu ita da kansu suka sanar cewa sigogin 3.0.12 da 3.0.13 na Windows sun samu matsala wajen girka sabuntawa, suka ce a sauke 3.0.14 da hannu. Wanda yake kan waɗannan har yau, gara ya duba lambar tasa.

Sannan a sani, manhajar gaba ɗayanta take saukewa, kusan megabait 40, ba gyaran kaɗai ba. Sau huɗu kuwa kuɗi ne. Dabarar da na yi ita ce, kwamfutar da nake zama a kanta kawai na bar wa dubawar. In ta yi sallama, sai in sauke fayil ɗin sau ɗaya daga shafin VideoLAN, in zuba a filas, yaron ya zagaya sauran ukun kafin mu rufe shago.