Seestar S50 a bayan gari: za ta iya ɗaukar galaksi?

Za ta iya, amma sai an ba ta lokaci. Seestar S50 ƙaramar na'urar hangen nesa ce da kamfanin ZWO ya fitar a 2023 kan dala 499. Faɗin gilashinta milimita 50, tazarar da haske ke bi daga gilashin zuwa kyamara milimita 250, kuma kyamara da injin bin taurari da batir duk suna cikinta. A ɗora ta kan ƙafafunta, a daidaita ta kada ta karkace, a haɗa da waya, a zaɓi galaksi, wato babban gungun taurari mai nisa, a manhaja. Da kanta za ta nemo ta, ta riƙa ɗaukar hoto na daƙiƙa 10 tana tara su wuri guda.

Inda masu farawa suka fi yin kuskure shi ne matacin da ke cikinta na rage hasken fitilun gari. An yi shi ne domin gajimaren iskar sararin samaniya, yana barin hasken haidirojin da na oksijin kaɗai su wuce. Ita kuwa galaksi taurari ne jingim, haskenta ya haɗa kowane launi, kamar dai na fitilun LED na titi. In ka kunna matacin, ka zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi. Kashe shi. Maganin hasken gari yawan lokaci ne, kuma lissafin ba ya sassauci: sai ka ninka lokacin sau huɗu kafin tsabtar hoto ta ninka sau biyu. A minti 15, galaksin da ake kira M51 ɗan tabo ne mai yashi-yashi. Bayan awa biyu zuwa uku hannayenta masu murɗewa suke fitowa, da ƙaramar abokiyarta a gefe.

Andromeda, wato M31, ta fi ƙarfin idonta. Faɗinta ya kai digiri 3, na'urar kuwa digiri 1.3 da 0.7 take gani, sai dai a kunna tsarin jera hotuna, wanda ke ɗaukar yanki-yanki ya haɗa su, shi kuma yana cin dare.

Babban aibinta juyawar hoto. A tsarinta na asali tana bin sama ne dama da hagu, sama da ƙasa, saboda haka in aka daɗe kusurwoyi kan yi duhu, dole a yanke su. Iska kaɗan ma takan sa ta zubar da hotuna da yawa.

Daga Kano M51 tana hawa sama har digiri 55, galaksin M81 kuwa ba ta wuce 33, can ƙasa inda haske da ƙura suka fi kauri. A fara da M51. Daren da hazon hunturu ya sauka ko wata ya yi girma, kada a wahalar da batir.

A kunna ajiye kowane hoto daban a manhaja, a kwashe fayilolin FITS, wato ɗanyen hotunan, zuwa kwamfuta, a tara su a manhajar Siril, wadda kyauta ce. A can ake cire jan hasken da gari ya shafa wa hoton, kuma sakamakon ya fi na waya nesa ba kusa ba.