Hattara da "Ofishin Gwamnati" na Bogi a Delhi

Jama'a, masu zuwa Indiya jinya ko karatu, waɗanda kan so su ɗan zaga Delhi, Agra da Jaipur kafin su dawo gida, wannan gargaɗin naku ne.

Tarkon yana bakin tashar jirgin ƙasa ta New Delhi, ta ɓangaren Paharganj, da kewayen Connaught Place. Kana saukowa daga a-daidaita-sahu da jaka a hannu, sai wani tsaf-tsaf da shi, kati rataye a wuya, ya tare ka ya ce ka nuna tikiti. Ya duba, ya girgiza kai cike da tausayi, ya ce ai an soke jirgin Agra yau. Wani kuma ce maka zai yi an toshe unguwar da otal ɗinka yake saboda biki ko tarzoma. Kafin ka farga, direba ya matso, wai zai kai ka ofishin yawon buɗe ido na gwamnati. Bakinsu ɗaya.

Ofishin nan shago ne kawai: allo a ƙofa da sunan gwamnati ɓaro-ɓaro, taswira a bango, ga shayi mai madara an dire maka. Har waya za su buga wa "otal ɗinka" a gabanka, alhali wanda ya ɗauka yaronsu ne. Daga nan su haɗa maka mota da direba da masauki, su zare kuɗi ninkin-ba-ninki daga katinka. Direban kuma ba zai bar ka ka more Taj Mahal, shahararren ginin kabarin nan na Agra, ba. Hankalinsa na kan shagunan sassaƙar dutse inda yake karɓar la'ada.

Na Jaipur ma ya fi ciwo, don da kwaɗayi suke kama mutum. Za a nuna maka duwatsu masu ƙyalli, a ce ka saya ka kai gida ka ci riba. Gilashi ne.

Ofishin gwamnati na gaskiya yana lamba 88, titin Janpath, kuma ba ya tura kowa farautar baƙi a tasha. Tikitin jirgi a shafin intanet na IRCTC, kamfanin gwamnati mai sayar da tikitin jiragen ƙasa, ake saye, kuma idan an soke jirgi, allon cikin tasha zai nuna. Ka shiga ka gani da idonka. Gatimaan Express, mai kai mutum Agra cikin minti 100, daga tashar Hazrat Nizamuddin yake tashi.

Taj Mahal a rufe yake ga masu yawon buɗe ido ranar Juma'a, don haka duk wanda ya sa maka Agra ran Juma'a, ka san inda ya dosa. Kuɗin shiga na baƙo rupee (kuɗin Indiya) 1,100 ne, da ƙarin 200 in za ka shiga ginin kabarin. Idan an matsa maka, ka buga 1363, layin taimakon baƙi, kuma kada ka miƙa wa kowa fasfonka a bakin titi.