Gargaɗi: masu sayar da furotin na bogi ga labo a Damagaram

Assalamu alaikum malamai, ma'aikatan labo da ɗalibai masu bincike. Akwai masu talla a rukunonin WhatsApp da ke kiran kansu wakilan kamfanonin Turai da Amurka. Suna cewa suna da ICAM-1, E-cadherin da fibronectin a hannu, a rabin farashi, a tura kuɗi ta lambar waya, kaya ya iso tashar mota cikin kwana biyu. Kada ku tura musu ko dala kafin ku bi abin da ke ƙasa.

Waɗannan furotin su ne ke manne ƙwayar halitta da ƴar'uwarta ko da shimfiɗar da take zaune a kai. A nan an fi neman ICAM-1, domin jajayen ƙwayoyin jinin da Plasmodium falciparum, ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, ya shiga suna maƙale masa a bangon jijiya ta hanyar PfEMP1, furotin da ƙwayar cutar ke fitarwa a jikinsu, kuma ana danganta hakan da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Na gaskiya ana haɗa shi a ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa irin su HEK293, CHO ko NS0, galibi a liƙa masa jelar Fc, wato wani ɓangare na IgG, furotin na garkuwar jiki. Kwalba mai mikrogram 50 tana cin ɗaruruwan daloli tun kafin kuɗin jigila da na duwan.

Abin da ya sauƙaƙa damfarar shi ne ido ba ya ganin mikrogram 50. Kwalbar gaskiya sau da yawa kamar babu komai a cikinta take. Sai macuci ya samo kwalbar da aka gama amfani da ita, ko ya buga sabuwar takarda ya manna, ya zuba BSA, wato albumin ɗin jinin saniya mai arha. In kun gwada da Bradford, gwajin auna furotin ta launi, ruwan zai koma shuɗi, ku ɗauka lafiya lau. Bradford yana nuna akwai furotin ne kawai, ba ya faɗin wane ne. In kuka matsa masa zai ce ai kamfani ma yana sa BSA don kare kayan. Gaskiya ne ga wasu nau'o'in, amma wanda aka rubuta babu furotin na kariya a cikinsa, kamar masu alamar CF (carrier-free), bai kamata a ga BSA a ciki ba.

Gwajin da ke raba gardama shi ne SDS-PAGE, mai rarrabe furotin gwargwadon nauyinsu. Ku ɗora mikrogram 1 zuwa 2 a rami biyu, ɗaya da DTT, sinadarin da ke raba furotin da suka haɗu biyu-biyu, ɗaya babu, ku sa BSA naku a rami na uku. BSA yana tsayawa wajen kDa 66 (kDa ma'aunin nauyin furotin ne), layi siriri. ICAM-1 mai jelar Fc yana fitowa can sama, wajen 100, layinsa mai kauri da ɗan gajimare saboda sukarin da ke jikinsa. A ramin da babu DTT nauyin ya kusan ninkawa, domin jelar Fc tana haɗa biyu-biyu. Idan layin ramin DTT ya zauna daidai da na BSA, kuma babu komai a samansa, an cuce ku. Mai kayan Western blot, gwajin da ke tantance wane furotin ne, ya ƙara da maganin gano Fc na ɗan Adam.

Dabara ta biyu ta fi wuyar kamawa: a sayo mai arha da aka haɗa a bakteriyar E. coli a sayar da shi da sunan na HEK293. Wannan ba shi da sukari, zai fito ƙasa da inda ake tsammani, sau da yawa bai naɗu daidai ba, ga endotoksin, gubar da ke jikin bakteriyar. Endotoksin da kansa yana tayar da ƙwayoyin bangon jijiya su fitar da nasu ICAM-1 ɗin, sai ɗalibi ya ga mannewa ya rubuta sakamakon ƙarya bai sani ba. Wannan ya fi asarar kuɗin ciwo, don watanni ne na aiki ke tafiya.

Akwai kuma kayan gaskiya da zafi ya kashe. Busasshen gari yana jure ƴan kwanakin hanya. Wanda aka riga aka narkar kuwa sai cikin busasshiyar ƙanƙara mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili. Daga Yamai zuwa nan kilomita wajen 900 ne, zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, kula mai ƙanƙarar ruwa a bayan mota ba ta riƙe shi. Irin wannan yana iya fita daidai a gwajin nauyi amma ba ya aiki, don haka sai an gwada mannewa. A ɗiga furotin ɗin a faranti, a toshe sauran wurin da BSA kashi 1 cikin 100, a bar ɗigo ɗaya na BSA zalla don kwatance. ICAM-1 a gwada shi da jajayen ƙwayoyin jini masu ɗauke da jinsin Plasmodium falciparum da aka san yana kama shi, kamar ItG. E-cadherin sai da kalsiyam yake aiki: ƙwayoyi su manne da kalsiyam, su saki in an sa EDTA, sinadarin da ke kame kalsiyam. In babu bambanci tsakanin biyun, ba shi ba ne ko ya mutu.

Kafin biya, ku nemi takardar shaidar gwaji mai lambar rukunin kayan, ku tabbata ita ce a jikin kwalbar. Ku aika lambar ga kamfanin ta adireshin da ke shafinsa, ban da wanda mai tallar ya ba ku, ku tambaya ko shi wakilinsu ne. Biya ta asusun bankin kamfani, da takardar farashi mai hatimi. In kaya ya iso, a juya kwalbar a injin juyawa kafin a buɗe, a narkar yadda takardarsa ta ce, a raba ƙananan kwalabe a ajiye a digiri 20 ƙasa da sifili ko fiye da haka sanyi, a firigon da ke da janareta ko hasken rana, domin kowace ɗaukewar wuta mai tsawo narkewa ce da sake daskarewa.