Shagon gem din bayan Zoo Road da har yanzu ake buga PES 6

Jiya bayan la'asar kanina ya matsa min sai na raka shi wani shagon gem a lungu bayan Zoo Road, wai akwai abinda zai nuna min, wallahi kuwa naji dadin zuwan. Dan karamin shago ne, talabijin hudu, uku na PS4 ne, wato na'urar gem ta PlayStation 4, yara sun yi musu cincirindo, sai can kurya wata tsohuwar PS2 da fad biyu, abin da ake rikewa a buga. Mai shagon ya kalle ni yace Yaya kai da gani dan zamanin Winning ne, ya kunna min gem din kwallo na PES 6.

Tsigar jikina sai da ta tashi. A 2006 gem din nan ya fito, mu a unguwa Winning kawai muke cewa, saboda Winning Eleven ne sunansa a Japan tun 1995, sunan Pro Evolution Soccer, wato PES, sai a 2001 ya zo. Ban yi wata-wata ba na dauki Inter saboda Adriano, karfin bugunsa 99, in ya saita kafar hagun nan daga wajen sha takwas gola sai dai ya bi ta da kallo, har doka muka taba kafawa a layinmu cewa ba mai daukar Inter. Chelsea na nan da sunanta London FC, Liverpool kuma Merseyside Red tunda Konami, kamfanin da ya yi gem din, basu da lasisinsu, kuma ko a jikinmu lokacin, kwallon ce take da dadi, fasin yana da nauyi, in ka ci ka san kai ka ci. Na leka Master League, bangaren da kake rainon kungiyarka kaka bayan kaka, naga 'yan wasan da ake fara baka, su Castolo da Minanda, Ivarov a raga, kamar na hadu da tsofaffin 'yan ajinmu.

Abinda yasa na kara ganin girman mai shagon shine jakar faya-fayansa, ya adana Metal Gear Solid 3 da Silent Hill 2 da Contra na PS2, duk na Konami. Yaran basu ma san kamfani daya ne ba, sun dauka kwallo kawai suke yi. Na tsaya ina basu labarin cewa a 1969 Kagemasa Kozuki, wanda ya kafa Konami, ya fara a Osaka da gyara da bada hayar akwatunan kida da ake jefawa kudi, daga nan suka koma gem, Frogger a 1981, Contra a 1987, wanda a na Nintendo muke danna sama sama kasa kasa hagu dama hagu dama B A a bamu rai 30. Wani yaro ya rantse karya ne.

Su eFootball, wanda ya gaji PES, suka sani a waya. Ni ranar 30 ga Satumba 2021 da aka sake shi kyauta aka jefar da sunan PES abin ya min ciwo, fuskokin 'yan wasa a murde, babu Master League, har sai da kamfanin ya fito ya bada hakuri. Gaskiya sun gyara sosai daga baya, kanina kullum yana kai, amma bugawa da wanda baka gani ta intanet daban, zama benci daya da abokin karawarka kana jin tsakinsa daban.

Inda shagon ya gaza kuwa, fad daya na PS2 din sandarsa ta saki, dan wasa sai ya rika tafiya hagu shi kadai, na fada masa yace zai shiga Sabon Gari ya nemo wata. Fanka daya ce kuma ga zafin garin nan, in mutum ya kai goma ciki sai gumi. An dauke wuta ina cin biyu da daya, kafin a tada janareto wasa ya tafi, sai dai bai karbi kudin wannan ba. Naira 200 ne wasa, wanda aka ci shi zai biya, ba a caca, yaro da kayan makaranta baya shiga, ana kiran magariba ya kashe komai muka fita sallah.

Asabar zan koma da tsohon memori kad dina in har ya karanta, akwai Master League da na bari a kaka ta hudu.